Hannun Balaraba

Yako, Kiru,
4 ga Yuli, 2023.

Zuwa ga maigidana marowaci, Malam Badaru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da 'yan makarantarka da sanyin Doguwa. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ke yi mini sallama duk safiya. Ɗana Uba da iyalinsa suna gaishe ka. Masara ta kai ƙugu, awaki biyu sun haihu.

Na ce marowaci don wata huɗu ke nan ban ga ko ɓarin goro daga hannunka ba. Uban kakarka Hauwa, Allah ya jiƙanta, da ubana ciki ɗaya suka fito. Don haka ko gaban alƙali ka je, jikana ne kai, mijina ne kai, cefane kuwa wajibi.

Maganar da ke tafe da ni ba ta waya ba ce. Wayar Uba ce kaɗai a gidan, shi kuwa sai ya ƙure mata murya har maƙwabta su san abin da muka ci. Shi ya sa na ɗauko birona na makarantar manya. Mudi direba zai miƙa maka in ya taso daga Kwanar Ɗangora.

Ka san shekara talatin ina daddawa, ba a taɓa kushe mini ita ba. To bana, tun saukar damina, sau uku tana ɓaci. In dafa kalwa yini guda, in surfe, in wanke, in sake dafawa, in zuba a kwando in rufe da buhu. Bayan kwana uku in buɗe, maimakon ƙamshi da danƙo sai in tarar da ita da tauri, tana wani tsami kamar tsohon kamu. Awaki na zuba wa, su ma suka kau da kai.

Na zauna na yi tunani. Kalwar ta ɗorawar gonarmu ce, tukunyar ita ce, hannun nawa ne. Abu ɗaya na gano: duk ukun nan, ranar da kalwa ke kan wuta, Balaraba ta shigo. Ka san ta, ƙawata ta bayan masallaci, wadda ta yi jinyata wata biyu lokacin da na karye. Shekara arba'in muna tare. Amma tun muna yara muke jin ana cewa akwai mai hannun ɓata daddawa, ba da mugunta ba, haka Allah ya yi ta. Wata ma kallon tukunya kawai za ta yi an gama. Da sau ɗaya ne sai in ce tsautsayi. Sau uku fa? Ruwa ba ya tsami banza.

Ina so in ce mata ta daina zuwa ranar dafa kalwa, bakina ya yi nauyi. Wallahi tsoro nake ji kada in rasa ta, don ba ni da wata kamarta a garin nan. Kai mai koyar da kimiyya, gaya mini yadda zan faɗa ba tare da ta ji haushi ba.

Taka,
Iya Zuwaira.

Doguwa,
11 ga Yuli, 2023.

Uwargida ran gida, Iya Zuwaira,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, na ji daɗin ganin rubutunki, duk da layin yana hawa tudu kamar hanyar Riruwai. Allah ya ba gwiwa haƙuri. Ga goro nan guda ashirin a hannun Mudi. In ya kawo sha takwas, kin san wanda za ki kai wa alƙali, ba ni ba.

Iya, kin nemi in koya miki yadda za ki faɗa wa Iya Balaraba. Ni kuwa roƙonki nake kada ki faɗa tukuna. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Ni na riga na san abin da ke ɓata daddawar, ruwa ne. Na ji an haƙa burtsatse a unguwarku, irin wannan ruwan kuwa wani lokaci ana zuba masa magani. Abin da ke nunar da daddawa wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, maganin sai ya kashe su. Ki koma ruwan rijiya, za ki ce na gaya miki.

Amma don hankalinki ya kwanta, amsa mini tambaya biyu. Shin akwai ranar da Iya Balaraba ta zo kina dafa kalwa, daddawa kuma ta yi kyau? Sannan ki ba ni labarin ranakun nan uku, kome ƙanƙantar abin da kika tuna. Mutum in ya zargi abu, ranakun da zargin ya dace kaɗai yake riƙewa, sauran sai su zube masa. Ɗalibaina ma haka suke. Akwai wadda ta rantse birona ja ne ke kayar da ita, ta manta da jarrabawa biyar da ta ci, alhali da shi na yi makinsu.

Ki gaishe da Kawu Uba da mutanen gida.

Mijinki mai cefane,
Badaru.

Yako,
19 ga Yuli, 2023.

Malam Badaru sarkin sani,

Gaisuwa da fatan alheri. Goro ya iso guda sha tara, Mudi ya ce ɗayan rami ya faɗa a Tudun Wada. Na yafe masa. Muna lafiya, sai mura da ta zagaye yaran gidan.

Burtsatsenka dai ya faɗi jarrabawa. Ban taɓa ɗiban ruwansa ba, layin ya fi ƙarfin gwiwata. Rijiyar tsakar gidanmu da ka taɓa jefa takalminka a ciki, ita nake ɗiba tun kafin a haifi ubanka.

Tambayarka ta farko ta ɗan tsaya mini a wuya, ba zan ɓoye ba. Da rani kusan kullum Balaraba na gidan nan, na yi daddawa ta fi sau goma tana zaune, duk ta yi kyau. Na kwana biyu ina juya abin, sai na gano bakin zaren. Ashe hannun nata da damina yake tashi! Kada ka yi dariya. Gwiwata ma da rani lafiya take.

Ga ranakun. Ta farko Talata ce, ruwan safe ya hana ta zuwa gayaunarta ta gyaɗa, ta zo muka sha hayaƙi tare har idanunmu suka yi ja. Ta biyu ranar da akuyar Uba ta haihu, ana yayyafi ta shigo da buhu a ka, ta kawo mini dafaffen rogo. Ta uku Juma'a, an wuni ana ruwa, ta zauna bakin ƙofar madafa tana ba ni labarin bikin jikarta na Bagauda, ina fifita wuta ina dariya. Ka ga dai duk ukun tana nan. Ba ta taɓa tukunyar ba, gaskiya ɗaya ce, amma ta kalle ta.

Kalwata saura tiya shida, ba zan iya ci gaba da ciyar da juji ba. Kuma matan unguwa sun fara tambaya ko tsufa ne ya kama Zuwaira. Ka yi saurin ba ni amsa kafin in sake ɗora tukunya.

Taka,
Iya Zuwaira.

Doguwa,
24 ga Yuli, 2023.

Iya,

Bayan gaisuwa. Ina cikin makin jarrabawa, don haka zan taƙaita.

Ki gafarce ni, amma wannan camfi ne tsagwaronsa. Na kawo miki rani guda na shaida, maimakon ki saki zargin sai kika yi masa faci da damina. In na kawo wata hujjar, za ki ce hannun da Talata yake tashi. Kin ga abu biyu sun biyo hanya ɗaya, sai kika ɗaura musu aure ba waliyyi ba shaidu. Zato zunubi ne, Iya, ko da ya zama gaskiya, balle a kan wadda ta yi jinyarki.

Tunda ba ruwa ba ne, to buhunan rufi ne. Na tabbata na taki ne. Ki canza su.

Kada ki ce wa Iya Balaraba komai.

Badaru.

Doguwa,
21 ga Agusta, 2023.

Zuwa ga Iyata, Iya Zuwaira,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, yau ba wasa a bakina. Ina fata gwiwa ta yi sauƙi. An yi hutu, amma gonar masarata ta riƙe ni a nan, da na zo da ƙafata.

Iya, na san kin yi fushi da ni. Mako huɗu ke nan ba amsa. Ba ki taɓa wuce kwana goma ba. Daddawar da kike aiko mini duk wata ita ma shiru, miyata ta koma ruwan zafi da kuka. Na kira Kawu Uba, ya ce, "Tana nan lafiya," ya kashe. Da ba ki ce masa komai ba, ai da ya miƙa miki wayar. Da na haɗa ukun nan, ban buƙaci mai gaya mini ba.

Laifina ne. Na rubuta waccan takardar ina gajiye, na yi miki magana kamar ina gaban allo. Kalmar camfi da ta zunubi ba su dace su fito daga bakina zuwa gare ki ba. Ke kika goya ubana. Na kasa sakewa tun da abin ya faɗo mini, ko abinci ba na jin daɗinsa.

Ki yafe mini. Ko layi ɗaya ne ki aiko, ko da zagi ne. Ban ga Mudi ba kwana biyu, shi ma ina jin kin hana shi tsayawa, don haka na ba wani mai ɗaukar dankali wannan.

Ɗanki,
Badruddeen.

Yako,
27 ga Agusta, 2023.

Badaru, ango na kaina,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Rabon da in yi dariya irin ta jiya har na manta, sai da matar Uba ta leƙo ta ga ko lafiya.

Takardunka biyu jiya suka iso rana ɗaya, ta hannun Mudi da ta mai dankali. Motar Mudi ta lalace a Tudun Wada, ta yi kusan wata a wurin makanike, takardarka ta camfi na kwance a cikinta tana hutawa. Ta yaya zan yi fushi da zagin da bai iso ba? Ni jiran amsarka nake. Daddawa ban aiko ba don babu ta aikowa. Uba kuwa yana tsakiyar gona ka kira shi, ko Sarki ne ya kira abin da zai ji ke nan. Ka haɗa abu uku ka ɗaura musu aure, har da Mudi a 'yan rakiya. Daddawa ke gaya wa manda baƙi! Buhunan kuma na gero ne, wannan ma ka faɗi.

To dariya ta ƙare, ga abin da na aikata. Da na ji ka shiru, sai na ce shirun nan yarda ce. Ka ga ni ma. Balaraba ta shigo wata safiya, na ja ta gefe na ce, "Balaraba, don Allah kada ki ɗauke ni da wata manufa. Ranar da nake dafa kalwa, ki riƙa bari sai washegari."

Ta dube ni, ta ce, "Ta ɓaci ne?"

Na ce, "Sau uku."

Ba ta yi musu ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "To, Allah ya kyauta," ta gyara mayafinta ta fita. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bayan kwana huɗu na ɗora kalwa. Aka tashi da ruwa. Ba Balaraba, ba inuwarta. Na durƙusa ina hura wuta, tana ci tana mutuwa, itacen yana tsiyayar ruwa ta gindi yana kuka. Ina share hawayen hayaƙi na ce a raina, wai yaushe rabon da in sha irin wannan wahalar? Sai na tuna, ranar da Balaraba ta zo. Da ɗayar ranar. Da ɗayar.

Na ɗaga kai na dubi rumfar itacena, sai na ga sama. Farkon damina Uba ya cire kwanon rumfar ya rufa wa awakinsa, ya ce zai mayar, bai mayar ba. Kullum ina wucewa ta wurin, idona bai taɓa tsayawa a kai ba. Jiƙaƙƙen itace ba ya dafa kalwa ta yi laushi, kalwar da ba ta dahu ba kuwa ba ta zama daddawa. Balaraba ba ta samun zuwa da damina sai ranar da ruwa ya hana ta gona. Ruwan da ke kawo mini ita, shi ke jiƙa mini itace. Kwana uku na buɗe kwando, ta ɓaci kamar sauran.

Kai kuma Malam, sau uku na rubuta maka ruwa a takarda ɗaya, har da hayaƙi. Kana can kana neman buhun taki.

Uba ya mayar da kwano, bayan ya sha abin da ya sha a bakina. Amma mako uku ke nan Balaraba ba ta tako gidan nan ba, ko ranar da ba kalwa. In mun haɗu a hanya ta gaishe ni kamar surukarta. Sau biyu ina kaiwa bayan masallaci ina juyowa. Kunya nake ji, Badaru, kuma ina kewarta ƙwarai. Me zan ce mata?

Taka,
Iya Zuwaira.

Doguwa,
1 ga Satumba, 2023.

Uwargida,

Alhamdu lillahi da ba fushi kike ba. Na ci tuwo malmala uku ranar da takardarki ta zo.

Na ɗauko takardarki ta sha tara ga Yuli na sake karantawa. Ga ruwan nan ɓaro-ɓaro sau uku. Ido na karantawa, zuciya na shirya wa'azi, shi ya sa ban gani ba. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango naki. In an koma makaranta zan ba ɗalibai labarin nan, amma zan ce wani malami ne a wani gari.

Me za ki ce mata kuwa, ni da na faɗi sau uku ba ni da bakin koya miki. Ki je kawai, yau ba gobe ba. Ki gaya mata abin da kika gaya mini, da rumfar da itacen da kunyar duka. In kin kai bayan masallaci ƙafa ta ce a juya, ki ce mata ai gwiwar ba ta son tafiyar banza.

Mijinki da ya sha kaye,
Badaru.

Yako,
16 ga Satumba, 2023.

Maigida,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, an fara cin sabuwar masara. Ina fata taka gonar ta yi albarka.

Na je. Na same ta tana tsinke gyaɗa a tsakar gida, na zauna ba ta ce in zauna ba, na ja nawa rabon na fara tsinkewa. Sai da muka cika ƙwarya kafin bakina ya buɗe. Na zayyana mata komai, na ce, "Balaraba, na zalunce ki, ki yafe mini."

Ta ce, "Zuwaira, ai ba fushi nake ba. Gaskiya kika faɗa. Hannuna ne, na daɗe da sani."

Na ce, "Wane irin hannunki, ina gaya miki itace ne?"

Sai ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba a shekara arba'in. Tana 'yar shekara tara a Bebeji, kakarta ta rufe daddawa, ita kuma ƙuruciya ta sa ta riƙa ɗaga buhun tana leƙawa, safe da yamma. Daddawa ta ɓaci. Kakar ta kama hannunta ta juya shi, ta ce, "Wannan hannun ba na daddawa ba ne." Shi ke nan. Tun ranar ba ta ƙara taɓa kalwa ba, har ta yi aure, har ta aurar da jikoki. Ta ce, "Da kika ce in daina zuwa, sai na ce to, abin ya girma da ni, ya tashi daga hannu ya koma ido. Na ji tsoron in ɓata miki wani abin, shi ya sa na zauna gida."

Badaru, ni da ke ganin ƙyuya ce ke hana ta taya ni surfe, har gori na sha yi mata. Na ce, "Ke, kowa ya buɗe daddawa safe da yamma iska ta shiga, ai ɓaci za ta yi, ko hannun waliyyi ne." Ta yi murmushi irin na wanda bai yarda ba. Na ga baki ba zai yi ba.

Tiya biyun da ta rage mini na auna, na aika aka kira ta ranar Litinin. Na ce yau ni baƙuwa ce a madafata. Ta ce in rufa mata asiri. Na ce in ta ɓaci kalwata ce, ba ta gwamnati ba. Ita ta hura wuta da busasshen itace, ita ta surfe, ita ta wanke, ita ta rufe, ni ina kan tabarma ina ba da umarni kamar Uba a gonar wani. Har yayyafi aka yi da la'asar, ta zaro ido, na ce ci gaba.

Ranar Alhamis ta zo tun hantsi, ta tsaya bakin ƙofa ta ƙi shiga. Na ce, "Ni ba zan buɗe ba." Ta yi bisimilla ta fi sau biyar, ta ɗaga buhun da yatsa biyu. Kafin ta gani ƙamshin ya riga ya kai zaure, Uba yana can yana cewa, "Yau dai Iya ta dawo!" Na ce masa ba ni ba ce.

Ta sa hannu ta ɗebo, danƙon yana bin yatsunta. Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, ni ma na taya ta. Ta ce, "Shekara hamsin da biyar, Zuwaira. Ko 'ya'yana ban koya wa ba, don kada in shafa musu." Da yamma ta bi gida-gida tana raba wa matan unguwa, tana cewa su ɗanɗana su faɗi gaskiya.

Ga ƙunshi nan a hannun Mudi, na gargaɗe shi kada rami ya ci ko ɗaya. Duk aikinta ne, gefensu a karkace don ba ta saba ba, kada ka kuskura ka ce tawa ta fi. Ta so ta rubuta maka gaisuwa, ba ta iya boko ba. Na ce ba sai ta rubuta ba. Kafin ka jefa a miya, ka ɗaga kowace ka duba tsakiyarta, inda aka danna ta kafin a shanya. Shatin yatsunta ne a jiki.

Allah ya bar zumunci, ya ƙara mana gani.

Taka har kullum,
Iya Zuwaira.